Isireli da Butar Ranar Alhamis

A kantin Birju na fara jin maganar, ina jiran a auna mini sukari. Wai za a rufe ofishin rajistar kotun Vunatoka a ƙarshen wata, domin magatakardanmu Isireli malalaci ne. Wai a shekara guda cur takardu talatin da ɗaya kacal suka bi ta hannunsa. Wai bai iya kwamfuta ba, da ya taɓa ta sai ta mutu, shi ya sa ya mayar da ofishin gwamnati wurin shan shayi.

"Ba ni na faɗa ba, Malama," in ji Birju yana ƙulle leda. "Na'ura ce ta faɗa. Ita kuwa ba ta da dangi, ba ta zaman hira da shan ruwan saiwar yangona da kowa."

"Haka kake faɗa a kan ma'auninka," na ce masa, "amma kullum sukarin nan sai ya rame kafin in kai shi gida."

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.

A duk tsibiran Fiji ban san garin da magana ke saurin yin ƙafa kamar namu ba. Kafin Lahadi, matan da muke waƙar coci tare sun ƙara mata gishiri: an gan shi yana barci a kan tebur, an ji shi yana minshari tun daga gidan waya. Masu faɗar haka babu wadda ta taɓa taka ƙofar kotu. Shekara talatin da takwas na yi ina koyar da lissafi, na kuma san lamba ba ta yin ƙarya, sai dai abin da aka tambaye ta shi kaɗai take amsawa. Ga shi Isireli ɗan kawuna ne, tavale, wato taubashin da al'ada ta ba ni izinin zagi a bainar jama'a. Da malalaci ne, da ni zan fara shela, in ji daɗin yin ta. Don haka na ce bari in bincika.

Abin da kowa ya sani game da shi ba shi da yawa. Shekara talatin da huɗu ke nan, ƙarfe bakwai da rabi na safe yake wucewa ta gaban gidana, da farar riga da zanen ofis ruwan toka mai aljihu, da makulli a ɗaure da zaren kamun kifi. Ya buɗe tagogi, ya share kashin ƙadangaru daga kan benci, ya matsar da bokitin da ke tare yoyon rufi. Sai ya juya kwanan wata a jikin hatimi, ya gwada shi a bayan hannunsa na hagu. Duk wanda ya manta ranar wata a garin nan, hannun Isireli yake leƙawa. Majistare sau ɗaya yake zuwa a wata, ya yi kwana biyu ya koma. Sauran kwanakin, in ka ce kotu, wannan mutumin kake nufi, shi da hatiminsa da wata kyanwa da ba ta cikin kasafin kowa.

Shekara uku da suka wuce aka kawo sabon tsari. Aka ce daga yanzu ta intanet za a riƙa shigar da kowace takarda, a biya da katin banki. Kuɗin kotu dala ashirin yana nan yadda yake. A kansa aka ɗora dala talatin da biyar na kamfanin da ya haɗa tsarin. Daga cikin talatin da biyar ɗin ake yago biyar a mayar wa ofishin da takardar ta bi ta cikinsa, da su zai sayi tawada, ya biya kuɗin wuta, ya liƙe rufi. Ofishin da takardunsa suka yi yawa a na'ura ya rayu, wanda nasa suka yi kaɗan a duba lamarinsa. Ba a manta da talaka ba, an tanadar masa takardar neman a yafe masa kuɗi. Ita ma ta intanet ake shigar da ita, kamfani ya karɓi talatin da biyar ɗinsa.

Mun tafa a lokacin. Har da ni, kada in yi ƙarya. An ce mana cin hanci ya ƙare, takarda ba za ta ƙara ɓata ba. Ba wanda ya ɗaga hannu ya tambaya ina banki yake. Banki yana babban tsibiri, tafiyar kwana biyu a ruwa.

Na fara da buga wa Litiana waya. Tsohuwar ɗalibata ce, yanzu tana aiki a hedikwata, ita aka turo ta duba ofishin. Yarinya ce mai gaskiya, tun tana aji huɗu ba ta satar amsa.

"Wace rana kika zo?" na tambaye ta.

"Talata, Malama. Ranar ce jirgin sama ke sauka a wurinku."

"Mutum nawa kika tarar?"

"Shi kaɗai. Sai kyanwa."

"Kin buɗe babban littafin rajista?"

Na ji tana juya takardu. Sannan ta ce, "Takardar da aka ba ni in cike ba ta da gurbin littafi, Malama. Adadin da na'ura ta nuna aka ce in rubuta."

"Kin rubuta kuwa da kyakkyawan rubutu, na sani. Ni na koya miki."

"Malama, kada ki yi mini haka. Tun bara na gaya masa. Na ce Baba, in adadin nan bai tashi ba za a rufe ofis, a sallame ka saura shekara biyu ka yi ritaya, fanshonka ya ragu. Har roƙonsa na yi."

"Ya ce me?"

"Ya tambaye ni ko zan sha shayi."

Ranar Alhamis na sauka tashar jirgin ruwa. Ranar ce jirgin da ke zagaya ƙananan tsibirai yake shigowa, ɗauke da busasshiyar kwakwa da aladu da mutanen da suka yi awa bakwai teku na jijjiga musu hanji. Na tsaya ina kallon inda suke nufa. Wasu suka yi kasuwa, wasu asibiti. Amma wani rukuni, sun kai ashirin, suka miƙe hanyar kotu, kowa da takarda a naɗe cikin leda.

A cikin waɗanda suka tsaya sayar da kaya na ga Vasiti, wata gwauruwa daga tsibirin Moturua da nake sayen tabarma a wurinta. Na tambaye ta ko ta taɓa shiga ofishin Isireli.

"Shayi na sha, Malama," ta ce, idonta a kan tabarmarta. "Shayi kawai."

Na gaya mata abin da ake faɗa a gari, kalma da kalma, har da minsharin. Ta ajiye tabarmar.

"Wa ya ce malalaci ne? Nuna mini shi."

"Duk gari."

"To duk gari su zo su zauna a gidana, tunda albarkacinsa nake da gidan."

Ga abin da ta ba ni labari. Bayan mijinta ya rasu, wansa ya kai ta kotu a kan gonar kwakwar da suke zaune a ciki, aka yanke cewa ta tashi. Aka ba ta kwana ashirin da ɗaya ta ɗaukaka ƙara. Teku ta yi fushi mako biyu, jirgi bai je Moturua ba. Ranar da ta iso Vunatoka kwana na ashirin ne. Ta zo da dala ashirin da ta tara daga tabarmi huɗu, a ƙulle a bakin zane.

"Ya zaunar da ni," in ji ta, "ya buga komai a kwamfutar nan da yatsa biyu, tsaf, babu kuskure. Da aka zo ƙarshe sai abin ya ce hamsin da biyar, kuma da kati. Na ce wane kati? Katin asibiti gare ni. Ya ce akwai takardar yafewa. Ya buɗe ta, ita ma ta ce talatin da biyar. Na ce to Baba, a ba ni takarduna in koma in fara kwashe kaya. Ban yi kuka ba, Malama, na gaji da yawa."

"Sai aka yi yaya?"

"Sai ya zauna yana kallon bango. Can ya ce, 'Ke da kika kwana a ruwa, ko ruwan zafi ban ba ki ba. Uwata ta ji wannan ai sai ta tashi daga kabari.' Ya sunkuya ƙarƙashin tebur ya zare wata waya, ya jona buta. Kwamfuta ta yi baƙi. Ya ce, 'Af, intanet ya katse.' Ya jawo littafi, ya karɓi ashirin ɗina, ya rubuta rasit, ya buga hatimi. Ya ce in sha shayina in yi shiru."

Alƙalin kotun ɗaukaka ƙara ya ji ƙararta bayan wata biyar, ya bar mata gonar. Ta yi shiru shekara uku kamar yadda aka ce mata, ita da duk wanda ta raɗa wa a Moturua, da duk wanda su ma suka raɗa wa.

Na sayi ƙullin saiwar yangona, don ba a shiga wa mutum da tambaya hannu rabbana, na hau tudun kotu.

Benci ya cika, wasu na zaune a ƙasa, ƙafa a naɗe. Akwai mai neman kuɗin ciyar da 'ya'ya daga mijin da ya tafi tsinkar 'ya'yan itace a ƙasar waje ya manta hanyar gida. Akwai dattijo mai takardar gado, akwai masu rikicin kwale-kwale. Kowa da kofi a hannu, shayin ganyen lemo da busasshen biskit. A ƙarƙashin tebur wata tsohuwar buta, baƙa ƙirin, tana huci. Da ta tafasa sai ya juye, ya sake cikawa. Hatimi na sauka, tim, tim. Kwamfuta na gefe an rufe ta da ƙyalle mai furanni, kyanwa na kwance a kai.

Sai ƙarfe biyu mutum na ƙarshe ya fita. Na ajiye masa yangona a kan tebur, ya tafa sau uku bisa al'ada ya karɓa.

"Tavale," ya ce, "yau kuma wa kika zo kaiwa ƙara? In mijin da zai aure ki kike nema, ofishin nan ba ya karɓar ƙarar da ba ta da bege."

"Na zo ganin malalacin da ake faɗa ne. Na ga ka yi ƙiba."

"Shayin gwamnati ne."

"Isireli, soket nawa ne a ofishin nan?"

"Ɗaya. Ko buta, ko intanet. Sau huɗu na rubuta a ƙara mini na biyu, aka ce ofishina ba ya kawo abin da za a yi aikin da shi."

"A kantin Birju ana sayar da waya mai baki huɗu. Dala shida."

"Dokar ofis ta hana jona kayan wutar da ba gwamnati ta saya ba."

"Butar fa?"

Ya ɗaga ta ya juya mini gindinta. Ga lambar kayan gwamnati an rubuta da jan fenti, tun kafin a ɗauke shi aiki.

"Ta girme ni a ofis," ya ce. "Ba ni da ikon hana ta wuta."

Sai ya jawo littafin sabbin dokokin, ya buɗe inda ya naɗe kunnen shafi, ya karanta mini doka ta tara, sakin layi na uku: idan intanet ya katse, magatakarda zai karɓi takarda a hannu, ya buga hatimi, ya karɓi kuɗin kotu kaɗai. Waɗanda suka rubuta ta guguwa suke tunani. Ba su ce dole sai guguwa ba.

"Wannan wayo ne," na ce masa. "In an kama ka fa?"

"A kama ni da me? Ban ɓoye ba."

Ya miƙo mini kwafin rahotannin da yake aikawa hedikwata kowane wata, guda talatin da shida, a ɗinke da zare. A kowanne akwai layi iri ɗaya da rubutunsa mai kwanciya: ranar Alhamis kaza, intanet ya katse daga ƙarfe tara zuwa biyu, dalili, buta. Kowace Juma'a kuma yana aika kuɗin kotun da ya karɓa ta gidan waya, ga rasit ɗin a jere. Kuɗin sun shiga, ba a taɓa dawo da ko sisi ba. Rahoton ne ba wanda ya buɗe. Da mutum ɗaya a can ya karanta kalmar buta sau ɗaya ya ɗaga gira, da ko dai an hukunta shi, ko an gyara dokar. Ba a yi ko ɗaya ba.

"Litiana ta ce ta gargaɗe ka."

"Ta yi. Yarinyar kirki ce."

"To me ya sa ba ka bar wasu su bi ta na'ura ba, ko rabi, ofis ya tsira?"

"Masu kati suna bi. Malaman makaranta, 'yan sanda, Birju in wani ya ƙi biyansa. Su ne talatin da ɗaya ɗin." Ya shafa bayan hannunsa inda tawadar ranar take. "Sauran kuma, wane rabin zan zaɓa, Tavale? Ke da kika iya lissafi, zo ranar Alhamis ki tsaya a ƙofa ki raba mini su."

"Yanzu ga shi an rufe. Ba rabi, ba duka."

"Na sani. Na yi ta auna shi. In na bi na'ura, ofis yana buɗe, ba mai iya shiga. In na bi buta, ana shiga, har ranar da za a rufe. Na samu shekara uku."

"Fanshonka fa?"

"Ina da gonar gwaza. Kuma ina da taubashiya mai fanshon shugabar makaranta, ba ta da miji."

"Ka mutu da yunwa."

Na tambaye shi ko zan iya rubuta wannan a karanta. Ya ce, "Rubuta mana. Me za su yi mini, su rufe ofis?"

Na zauna a bencin masu ƙara, na sa tabarau, na ɗauki babban littafin na shekarar da ta wuce. Na ƙirga shi layi-layi, sau biyu, yadda nake sa yara su yi. Kafin in gama har rana ta karkata, shi kuwa yana ta jera kaya a akwatunan da za a tura hedikwata.

Isireli, ban saba yabonka ba, bakina ma bai san hanyar ba, amma yau ka haƙura ka ji. Kai ne ka karanta doka har ƙarshe a ƙasar da masu rubuta ta ba sa karanta amsarta. Kai ne ka tuna cewa baƙon da ya fito daga teku ruwan zafi ake fara ba shi kafin a tambaye shi kati. Kai ne ka ji ana kiranka malalaci a kanti da ƙofar coci, amsar na cikin aljihun teburinka, ka wuce da makullinka ba ka tanka ba, don in ka tanka Alhamis mai zuwa ba ta kowa ba ce. Mai hatimi a bayan hannu, na gode. Na gode a madadin Vasiti da ke barci a gidanta, da waɗanda ban san sunansu ba sai a layin littafinka. Na kuma nemi gafararka a kan tafin da na yi ranar da aka kawo tsarin nan.

Ban ce a koma zamanin takarda da kyankyaso ba. Kotu na buƙatar kuɗi, rufi ba ya liƙe kansa. Amma wanda ya ɗaura cin abincin ofis a wuyan kuɗin da talaka ba zai iya biya ba, ya san abin da ya ɗaura, in kuma bai sani ba to bai cancanci kujerarsa ba. Ku da kuke zaune bayan tebur a sauran tsibirai, ƙanana da manya, ba buta nake ce ku nema ba. Ku karanta dokokinku har sakin layi na uku. Ku da ake turowa dubawa, ku tambayi ranar da jirgin ruwa ke shigowa. Mu kuma mutanen Vunatoka, da muka iya ɗaukar magana daga kanti mu kai coci, ga wata ku ɗauka.

A shekarar da ta wuce takardu talatin da ɗaya ne suka bi ta na'ura a ofishin rajistar Vunatoka. Ɗari takwas da saba'in da huɗu suka bi ta hannun Isireli, kowacce da hatiminta da rasit ɗinta. Ranar Juma'a aka rufe ofishin saboda rashin aiki. Ba a yi masa taron sallama ba. Littafin da hatimin da butar suna cikin akwati ɗaya, sun tafi hedikwata. Jirgi zai shigo ranar Alhamis.